Farin Ruwan da Ya Kwantar da Mai Gidana

Ina gaishe ku, ina gaida masu karanta wannan mujalla. Ni tsohuwa ce yanzu, amma lokacin da wannan abu ya same ni, wajen ƙarshen shekarun saba'in, ƙaramar mace ce ni, ban daɗe da aure ba. An haife ni a wani ƙauye gefen Tsiga, gidanmu Kiristoci ne tun zamanin kakana. Babana manomin auduga ne, innata kuma maginiyar tukwane. Na yi 'yar makarantar mishan har na iya karatu da rubutu, amma abin da hannuna ya sani sosai shi ne yumɓu, domin tun ban kai tsawon turmi ba nake bin innata bakin rafi muna haƙo shi. Mai gidana ɗan wajen Malumfashi ne. Da aka ɗaura mana aure sai muka tare a Funtua, a ɗakin haya cikin gidan yawa. Sana'arsa wankin mota a bakin wani tafki da ke bayan tasha. Ba zan kama sunan kowa ba, saboda waɗanda abin ya shafa sun bar 'ya'ya da jikoki, kuma sun riga sun sha magana.

Wanda ya fara kafa wurin wankin wani dattijo ne Musulmi, mutumin Bakori, tsohon yaron mota da ciwon gwiwa ya hana shi tafiye-tafiye. Shi ya karɓi mai gidana lokacin da ya shigo gari bai san kowa ba, ya ba shi bokiti da soso, ya yanka masa gefe guda na bakin tafkin. Baba muke kiransa, ni da mai gidan duka. Shi yake yanka mana kazar Kirsimeti don mu ci tare, da Sallah kuma matarsa ba ta taɓa mantawa da kwanonmu ba. In na kai wa mai gidana abincin rana, a inuwa ɗaya suke zama su ci, in tsaya gefe ina jin Baba yana ba da labarin hanyar Legas ta da.

A shekarun nan motoci sababbi sun cika gari. Masu cinikin auduga da hatsi sun samu, ma'aikata ma sun samu, kowa yana son a ga motarsa tana ɗaukar ido. To ga aikin hanya ana ta yi, kwalta tana fallatsa a jikin mota ɗigo-ɗigo, ga danƙon bishiya, ga hayaƙin jirgin ƙasa, ga ƙurar gidajen gurzar auduga. Sai ka wanke mota tas, ido ya ga tana ƙyalli, amma in ka shafa tafin hannu ka ji gurus-gurus kamar an barbaɗa mata tsaki. Masu wanki toka suke sawa, wasu yashi mai laushi, dattin ya fita amma fentin ya yi zane. Wata rana mai gidana ya dawo ransa a ɓace, ya ce wani direba ya zazzage shi a gaban mutane saboda ya zane ƙofar motar ubangidansa. Ya ce shi kam ya rasa abin da zai ɗebe wannan ƙaiƙayin ba tare da ya ci fenti ba.

Maganar ta tsaya mini a rai. Na tuna in innata ta gina tukunya ciyawa ko tsakuwa ta manne a jiki, ba ta kankarewa, curin yumɓu take dannawa a kai ta ɗaga, sai ya ɗauko dattin. Na aika aka kawo mini yumɓu daga gida, na jiƙa shi, na tace da tsohon mayafi, na bar shi ya kwanta, na kwashi lallausan da ke sama. Da ya sha iska na cuɗa shi da kakin zuma da ɗan man kaɗe, har ya zama kamar danƙo, yana miƙewa ba ya tsinkewa, ruwa kuma ba ya narka shi nan da nan. Muka gwada a jikin keken wani maƙwabcinmu. Dattin ya fita, wurin ya yi sumul. Sai dai mun lura in babu wani abu mai santsi a ƙarƙashinsa, curin kamawa yake, ya ja, ya bar shafi a jikin fenti. Daga nan muka shiga neman abin da za a riƙa zubawa kafin a goga.

Ruwan zalla bushewa yake kafin hannu ya kai ƙarshen ƙofa, saboda zafin ƙarfe. Ruwan sabulu yana da santsi amma cinye curin yake, ya yi ta marmashewa. Man gyaɗa ya yi, sai dai kafin mota ta fita daga bakin tafkin ta kwashi ƙura ta zama kamar an yi mata kwalliya da gari. Kananzir ya narkar da kakin, ya kuma dusashe fenti. Ana cikin haka wata rana ina kaɗa miya, yauƙin kuɓewa ya zubo mini a hannu, na murza yatsuna, na ce to ga shi. Na daka busasshiyar kuɓewa, na jiƙa, na tace, na ƙara ruwa har ya tsinke, na zuba a galan. In babu kuɓewa karkashi nake sawa. Wallahi babu abin da ya kai shi. Curin yana tafiya a kansa kamar kifi a ruwa, ba ya saurin bushewa, in an ɗauraye kuma ba ya barin komai. Baba da kansa ya shafa motar farko da aka yi wa, ya yi dariya, ya ce wa mai gidana ya riƙe matarsa da kyau.

Abin da ya ɓata mana shi ne bakin mutane, da kuma girman kanmu. Ruwan kuɓewa in ya kai la'asar tsami yake yi, ƙudaje su yanyame galan. Sauran masu wanki suka gano abin da ke ciki, suka sa wa mai gidana suna mai wanki da miya. In mota ta tsaya a gefensa sai wani ya ɗaga murya ya ce a kawo tuwo, ga miya ta samu. Direbobi ma suka ɗauka. Wani ya ce Alhajinsa ya tambaya ko a kicin aka kwana da motar. Mai gidana mutum ne mai zuciya, ba ya son raini. Yakan dawo ya ajiye galan da ƙarfi, ya ce aikinsa ya fi na kowa kyau amma shi ne abin dariya. Ni ma, gaskiya, dakan kuɓewa da tacewa kowace safiya ya fara isata, kuma na ji ciwo da matan gidanmu suka fara tambayata ko yau wace miya za a kai wa mota.

Da damina ta yi nisa muka je gida taya babana aikin gona. Lokacin feshin auduga ne. Maganin yana zuwa a gwangwani, kamar mai yake, amma da an zuba shi a ruwa sai ya koma fari kamar madara. Mai gidana ne ya goya famfon feshi ranar. Da ya gama yana wanke famfon a bakin rijiyar gona, ruwan ya fallatsa a kan kekensa, wurin da kwalta ta daɗe da mannewa. Ya sa yatsa ya shafa, kwaltar ta narke ta biyo yatsan. Ya kira ni ya ce in taɓa. Na taɓa, na ji santsi, ga wani wari mai ƙarfi irin na kayan kamfani. Muka dubi juna. Babana ya ba mu ragowar gwangwanin, abin da ya ce kawai shi ne mu nisanta shi da abinci da yara, don guba ne. Mu duka ukun abin da muka sani ke nan: guba sai an sha take kisa. Babu wanda ya taɓa gaya mana tana da wata ƙofar ban da baki.

Daga nan kasuwa ta buɗe. Farin ruwan nan yana narkar da kwalta, curin yumɓu yana ɗauke sauran, aikin da ke cin rabin yini sai ya ƙare kafin rana ta take. Yakan ɗan ci curin, amma ni ina nan ina cuɗa wani. Babu mai dariya kuma. Mai gidana ya juye maganin a kwalbar lemo don kada a gane, in an tambaye shi sai ya ce daga Kaduna ake kawo masa. Alhazai da manyan ma'aikatan gidan gurza suka riƙa aiko da motocinsu, wani lokaci har layi. Mai gidana ya sayi rediyo, ya yi mini atamfa, muka fara maganar sayen fili. Da ragowar babana ta ƙare, bai sha wahalar samun wani ba, don kowane manomin auduga yana da ɗan saura a rumbu. Ya kuma lura in ya ƙara maganin ya rage ruwa aikin ya fi sauri, sai ya riƙa ƙarawa. Hannu tsirara yake aikin, daga safe har yamma, rigarsa a jiƙe sharkaf. Ni kuma in ya dawo da curin da ya yi datti nakan sake murza shi, in naɗe dattin ciki, in wanke rigar da hannuna. A lokacin ina da ƙaramin ciki, na fari.

Ciwon kai ne ya fara. Sai gumi, ko da sanyin safiya. Sai yawu ya riƙa taruwa masa a baki yana ta tofarwa, cikinsa yana murɗawa, naman damtsensa yana rawa shi kaɗai kamar akwai abu a ƙarƙashin fata. Ya ce in ya dubi nesa hazo yake gani. In ya huta ranar Lahadi sai ya ji dama, ya koma aiki ciwo ya dawo. Muka ce shawara ce, ya sha jiƙe-jiƙe. Muka ce zazzaɓi ne, ya sha ƙwayoyi. Ni ma ina fama da jiri da amai, amma na ɗora wa cikin.

Wata rana na kai abinci na tarar Baba ya kama hannun mai gidana ya ja shi zuwa 'yar magudanar da ruwan wankinsa ke bi ya koma tafki. Kwaɗi ne a wurin birjik, sun juya ciki sama. Baba ya ce, "Ɗana, dubi nan. Tun da nake a bakin ruwan nan ban taɓa ganin haka ba, kuma a gefenka kaɗai ne. Abin da ya kashe su a hannunka yake yini. Ban tambaye ka ko mene ne ba, sirrinka ne, amma ka bar shi." Mai gidana ya zare hannunsa ya ce, "Baba, ai ba sha nake yi ba." Baba ya ce shi dai ya faɗa. Ranar ba su ci abinci tare ba. Da mai gidana ya dawo gida ya ce in gani, tun da motocin manya suka koma gefensa tsohon nan ya canza, yanzu so yake ya raba shi da abin da ya ɗaga shi.

Maganar nan ita ta shiga kaina ta yi saiwa. Na ce to, in baƙin ciki ne, me zai hana ciwon ma daga can yake? Fasto ya zo ya yi mana addu'a, ya ce mu je asibiti, muka ce to, ba mu je ba. Maimakon haka na tafi ƙauye wurin wata goggona da ba ta taɓa shiga coci ba, ta kai ni wurin mai duba. Kafin ya buga ƙasa na riga na zayyane masa komai, har da dattijon da ke cin abinci tare da mijina. Ya yi 'yan zane-zanensa ya ce jifa ne, kuma daga hannun wanda ake cin kwano ɗaya da shi. Abin da na kai masa shi ya maido mini, amma a lokacin ji na yi kamar an buɗe mini ido. Na dawo Funtua na gaya wa wata maƙwabciyata a bakin famfo, na ce kada ta gaya wa kowa. Kafin mako ya zagayo tasha duka ta ɗauka cewa tsohon bakin tafki ya yi wa yaron da ya riƙe kamar ɗa sammu. Wasu suka ƙara gishiri suka ce maye ne, shi ya sa kwaɗi ke mutuwa. Direbobi suka daina tsayawa wurinsa. Bai zo ya tambaye mu ba, bai yi faɗa da kowa ba. Ya kwashe bokitansa ya koma can ɗaya gefen tafkin, inda mota ba ta cika zuwa ba, yana zama shi kaɗai a ƙarƙashin wata ƙirya.

Da bazara ta kama, wani attajiri ya tashi bikin ɗansa, aka aiko da motocin ɗaukar amarya duka a wanke. Mai gidana ya fita tun da sassafe, ya haɗa ruwan da kauri fiye da kullum don ya gama da wuri. Rana ce irin wadda ƙarfe ke ƙona hannu. Na iso da abinci da azahar, cikina ya tsufa ina tafiya da ƙyar, sai na hango mutane sun yi da'ira. Na kutsa na same shi a ƙasa gefen taya, jikinsa yana karkarwa, kumfa tana fita ta baki da hanci, ƙirjinsa yana ƙara kamar ana tafasa ruwa a ciki, ya ɓata wandonsa. Idonsa a buɗe, ƙwayar ta ƙanƙance kamar kan allura. Babu wanda ya taɓa shi. Ana ta cewa jifan ne ya tashi, wani yana cewa a kawo hayaƙi. Na yar da kwanon na faɗi a kansa ina ihu.

Sai na ji an ture ni gefe. Baba ne, ya zagayo tafkin da gurguwar gwiwarsa yana haki. Ya ce, "Ɗiyata, bar kuka, ɗauko bokiti. Ruwa mai kyau, ba na gefen nan ba." Ya sa wuƙa ya keta rigar ya jefar, ya yi ta kwara masa ruwa yana cuɗa shi da sabulu tun daga wuya har ƙafa, ya juya shi a gefe don kumfar ta zuba. Ya daka wa wani direba tsawa ya buɗe mota, aka sa mai gidana a kujerar baya. Har mota ta fara tafiya ya ce a tsaya, ya koma ya ɗauko kwalbar lemon nan ya naɗe ta a tsumma. A hanya kan mai gidana a cinyarsa yake, yana share masa baki da hularsa yana karanta abin da ya sani. Ni ina gaba, na kasa waiwayowa in dube shi.

A asibiti likita ya shinshina kwalbar sau ɗaya ya tambaye ni ko maganin auduga ne. Na ce shi ne. Ya tambaya ko sha ya yi, na ce a'a, wanki yake yi da shi, watanni ke nan. Ya dube ni, ya dubi cikina, ya tambaya wa ke wanke kayan aikin. Aka yi ta yi wa mai gidana allurai, ana zuƙe masa ruwa daga maƙogwaro. Daga baya wata nas ta zaunar da ni ta yi mini bayani da Hausa, ta ce wannan magani ta fata yake shiga, ya fi shiga in jiki ya yi zafi da gumi, kuma kullum ƙara raunana jiki yake kafin ya warware daga na jiya. Ta ce ba don an wanke shi an kuma zo da kwalbar ba, da sai dai a ɗauki gawa. Na fito neman Baba in gaya masa, aka ce tun da ya ji numfashin ya daidaita ya tafi, ko hularsa bai ɗauka ba.

Mai gidana ya tashi, aka sallame mu, muka yi ta godiya ga Allah muna zaton an gama. Bayan 'yan makonni ya fara cewa ƙafafunsa suna yi masa kamar ana tsira allura. Sai takalmi ya riƙa zamewa daga ƙafarsa bai sani ba. Sai tafin ƙafar ya saki, in zai taka sai ya ɗaga gwiwa sama ya jefa. Yatsun hannu ma suka ƙi riƙe soso, har maɓallin riga sai na sa masa. Muka koma asibiti aka ce jijiyoyi ne maganin ya taɓa, wataƙila su dawo, wataƙila ba duka ba. Ana cikin wannan naƙuda ta kama ni kafin lokaci. Namiji ne, ya zo babu rai. Babu likitan da ya ce mini maganin ne ya kashe shi, kuma babu wanda ya ce mini ba shi ba ne. Da wannan nake kwana nake tashi har yau.

Da na ɗan ji ƙarfi na je bakin tafkin, aka ce Baba ya bar zuwa, ya koma Bakori. Na shiga mota na bi shi. Na same shi a zaure yana tufka igiya, ya rame. Na durƙusa na gaya masa ni ce na fitar da maganar, ba mai gidana ba, na roƙe shi gafara. Ya ajiye igiyar a gefe. Sannan ya tambayi jikin ɗansa, haka ya kira shi, ya yi mini gaisuwar jaririn. Ya ce, "Ni na yafe miki tun ranar da na ji, don na san tsoro ne ya sa ki. Amma ɗiyata, maganar ta riga ni isowa gida. A masallacin unguwar nan akwai wanda in na tsaya kusa da shi sai ya matsa." Na ce zan bi gida-gida in ƙaryata kaina. Ya ce in gwada. Na gwada, a Funtua da Bakori duka, a coci ma na tashi na faɗa a gaban jama'a. Waɗanda suka saurare ni ba su kai rabin waɗanda suka ɗauki ta farko ba. Wasu ma cewa suka yi ai dole in faɗi haka, tsohon ya ɗaure mini baki. Matarsa ba ta fito ta gaishe ni ba ranar, kuma ban ga laifinta ba.

Muka saki ɗakin Funtua muka koma ƙauyen su mai gidana wajen Malumfashi. Hannunsa ya ɗan dawo, ƙafa ba ta dawo ba. Mutumin da ke goya buhun dawa ya koma dogara sanda biyu, yana zama a ƙofar gida da ɗan tiren goro da ashana. Na koma ginin tukwane, da shi muka ci. Allah ya ba mu ɗiya mace daga baya, ba ta taɓa ganin ubanta ya yi tafiya babu sanda ba. Ya zama marar magana, in mota ta wuce ta hanyar ƙauyen sai ya juya fuska. Sau da yawa yakan ce zai je Bakori da kansa in ƙafa ta yi sauƙi. Bai je ba. Labarin rasuwar Baba ya iso mana bayan an yi kwanaki da binne shi, ranar mai gidana bai ci abinci ba, bai kuma bari na ga fuskarsa ba. Shi ma bai yi nisa ba, ciwon ƙirji ya ɗauke shi a tsakiyar shekarun tamanin, bai kai shekarun da ake kiran mutum dattijo ba.

Abin da ya sa na rubuto shi ne har yanzu ina ganin irin wannan. Ina ganin maganin ƙwari a kwalbar lemo a kasuwa, babu takarda babu suna. Ina ganin masu wanki da masu gyaran mota suna tsoma hannu a abin da ba su san ko mene ne ba, don kawai yana sa aiki sauri. Ina roƙonku, duk abin da za ku zuba a jikin mota ko wani ƙarfe ku goga, ku tuna hannunku ne zai fara shansa kafin fenti. In ba ku san abin da ke ciki ba ku tambaya, in an yi shi don kisa ne, ko na ƙwaro ne, ku bar shi a gona inda aka ce a sa shi, can ɗin ma da kariya. Mota ba ta taɓa gode wa mai wanke ta ba. In ciwo yana sauƙi ranar hutu yana dawowa ranar aiki, ku dubi aikin kafin ku dubi maƙwabci. Mata 'yan'uwana kuma, ku ji tsoron maganar bakin famfo. Ni sau ɗaya na faɗa, ga mutum ɗaya, da murya ƙasa-ƙasa, na yi shekaru ina bin ta ban kamo ta ba.

Ba na neman a tausaya mini, na sami rabona na shekaru da jikoki. Abin da nake roƙo, wanda ya karanta wannan in Kirista ne ya sa mai gidana a addu'a. In Musulmi ne ya roƙa wa dattijon nan na Bakori rahama, ko da bai san sunansa ba. Shi bai yi wa kowa komai ba.